Wace na'urar neman zinare ce ke aiki a jar ƙasa mai ƙarfe?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya kamar haka: "Mu huɗu muka haɗa kuɗi muka sayi Gold Monster 1000, muna aiki a wani daji a ƙasar Yawuri. Ƙasar wurin ja ce, da tsakuwar marmara da baƙin yashi. Na'urar ba ta yin shiru, ko'ina kuka take yi, in mun haƙa mu tarar ba komai. Mai shago ya ce mu ƙaro kuɗi mu ɗauki GPZ 7000, wani kuma ya ce GPX 5000 ta ishe mu. Wacce ce ta fi aiki a irin wannan ƙasa?"

Ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'a, ya sa a haƙa a dace. Da farko ka kwantar da hankalin abokan aikinka, domin bisa dukkan alamu na'urarku lafiyarta ƙalau. Kukan da take yi ba na banza ba ne, ƙasar wurin take ji. A irin ƙasar da ka kwatanta, na'urorin da ake kira PI, wato dangin GPX da makamantansu, sun fi irin taku kai wa ƙasa da kuma yin shiru, wannan ba abin musu ba ne. Amma ina roƙonku kada ku ƙara ko kwabo sai kun tabbatar da abu biyu: wane irin sinadari ne ke sa ƙasarku kuka, sannan zinaren da ke wurin ƙwaya-ƙwaya ne ko gari ne. Na ga mutanen da suka sayar da gona suka sayi na'ura mafi tsada a kasuwa, suka kai ta wurin da babu na'urar da za ta iya jin zinarensa a duniya.

Jan launin ƙasa shi kaɗai ba ya nuna cewa za ta dami na'ura. Jan nan tsatsar ƙarfe ce, mafi yawanta hematayit, kuma hematayit ba ta da ƙarfin maganaɗisu sosai. Masu tayar da ƙayar baya su biyu ne. Akwai magnatayit, shi ne baƙin yashin nan mai nauyi da ke saura a gindin kwano idan ana wankin zinare. Akwai kuma maghemayit, wanda ke yawa a cikin tsakuwar marmara da kuma ƙasar da gobarar daji ta daɗe tana ƙonawa shekara da shekaru, domin zafin wuta yana juya tsatsa marar ƙarfi ta koma wannan nau'i. Gwajinsa bai da wuya. Ka cire maganaɗisu daga tsohuwar sifika, ka saka shi a leda, ka ja shi a kan busasshiyar ƙasar wurin. Idan ya fito da ɗan baƙin gari kaɗan, ƙasarku matsakaiciya ce. Idan ya fito a lulluɓe, har ƙananan tsakuwoyi ja-ja ko masu ruwan hanta suna maƙale masa, to kuna cikin ƙasa mai wuya, kuma wannan ne abin da na'urar ke ta faɗa muku.

Gold Monster tana cikin dangin da ake kira VLF. A cikin faifan da ke ƙarshen sandar akwai naɗin waya biyu. Ɗaya yana aika igiyar maganaɗisu cikin ƙasa ba tsayawa, ɗayan yana saurare a lokaci guda. An daidaita su ta yadda mai saurare ba zai ji komai ba sai wani abu ya shiga tsakani. Ƙarfe zai shiga tsakani, zinare zai shiga, amma haka ita ma ƙasa mai magnatayit, kuma ita ƙasar ta cika gaban faifan gaba ɗaya alhali ƙwayar zinaren ba ta wuce ƙwayar gero ba. Amon da ƙasa ke mayarwa yakan ninka na zinaren sau da yawa. Aikin da ake kira daidaita ƙasa shi ne koya wa na'ura amon ƙasar wurin don ta cire shi ta bar saura. Idan ƙasar iri ɗaya ce, hakan na yiwuwa. Matsalar marmara ita ce ba ta zama iri ɗaya: taku biyu ƙarfen ya ƙaru, taku uku ya ragu, ga tsakuwa ɗaya da ta fi 'yan'uwanta ƙarfe ta zauna a tsakiya. Kafin na'ura ta gama daidaita kanta da nan, faifai ya riga ya wuce can.

Sai batun kilohaz, wanda duk mai sauraron rediyo ya saba ji. Gold Monster, wadda ta fito a 2017, tana aiki a kilohaz 45. Gold Bug 2 ta kamfanin Fisher, da ta fito tun 1995 kuma har yanzu ake ji da ita, tana kilohaz 71. Gold Kruzer ta Nokta tana 61, AT Gold ta Garrett tana 18, Gold Bug Pro tana 19. Idan lambar ta yi sama, na'ura tana jin zinare ƙanƙani ƙwarai, har wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba idan yana kusa da sama. Farashin wannan kunne shi ne tana jin ƙasa da tsakuwa fiye da kowa. Masu kilohaz 18 ko 19 sun fi haƙuri da jar ƙasa, amma ƙananan ƙwayoyi suna wuce su. Saboda haka wanda ya ce maka Gold Bug 2 ta fi AT Gold, ko AT Gold ta fi ta, ka tambaye shi a wace ƙasa, kuma wane girman zinare. Su kuma masu haɗa kilohaz da yawa a lokaci ɗaya, irin Equinox 800, sun fi natsuwa a ƙasa mai gishiri da matsakaiciyar ƙasa, amma har yanzu dangin VLF ne, kuma marmara mai ƙarfi tana rage musu zurfi kamar sauran.

Na'urar PI dabararta daban ce. Tana sakin wuta mai ƙarfi cikin naɗin wayar, ta katse ta farat ɗaya, ta ɗan jira, sannan ta saurara. Jiran nan ana auna shi da kashi-kashi cikin miliyan na daƙiƙa, kuma tana maimaita wannan sau ɗaruruwa ko dubbai a kowace daƙiƙa. Da zarar an katse wutar, mafi yawan amon magnatayit yana ɓacewa nan take, amma wutar da ta shiga jikin zinare tana ɗan ci gaba da zagayawa kafin ta mutu. A wannan ɗan tsakanin na'ura ke kama shi. Shi ya sa baƙin yashin da ke haukata Gold Monster, GPX za ta bi ta kansa ba ta ce uffan ba.

Sai dai PI ma ba ta tsira gaba ɗaya ba, kuma nan ne masu shago ba sa yin bayani. Ƙwayoyin maghemayit mafiya ƙanƙanta ba sa sakin maganaɗisunsu nan take, suna jan ƙafa, amonsu yana raguwa a hankali kamar na ƙarfe. Tsofaffin na'urorin PI sun kasa wannan, shi ya sa aka daɗe galibi a bakin teku ake amfani da su. Abin ya sauya a Ostareliya, kuma ba mamaki a can ya sauya, domin filayen zinaren jihar Biktoriya da na yammacin ƙasar suna cikin mafiya wuyar ƙasa a duniya, jar ƙasa ce mai tsakuwar ƙarfe irin wadda muka sani. Kamfanin Minelab na birnin Adeled, da aikin masanin kimiyya Bruce Candy, ya fitar da SD 2000 a 1995. Tana aika bugu mai tsawo da gajere, ta kwatanta amsoshin, ta cire na ƙasa. Mutane suka koma filayen da aka ɗauka na'urorin VLF sun share su, suka dinga fito da zinare daga ƙarƙashin inda waɗancan suka tsaya. Daga nan zuriyar ta ci gaba: GPX 4500 a 2008, GPX 5000 a 2010, SDC 2300 a 2014, GPZ 7000 a 2015, GPX 6000 a 2021. Garrett ta Amurka ma tana da nata, ATX da kuma Axiom wadda ta fito a 2022.

Bari in ɗauki biyun da aka ambata maka. GPX 5000, da yayarta 4500, su ne jakunan aikin wannan sana'a a Afirka, tun daga guguwar zinaren Sudan wajen 2009 da 2010. Abin da nake so game da su a ƙasa mai wuya shi ne suna ba ka zaɓi. A jikin 5000 akwai tsarin bugu guda takwas. Wanda aka rubuta wa Normal yana kai wa ƙasa sosai amma yana son ƙasa mai sauƙi. Enhance da Fine Gold an yi su ne musamman don marmara da tsakuwa masu kuka, suna kashe mafi yawan hayaniyar, ka ci gaba da aiki da faifai mai naɗi ɗaya wanda ake kira mono. Sannan faifai iri-iri ne ke hawa kansu, na kamfanin da na wasu kamfanoni, daga ƙarami mai inci 8 zuwa babba mai inci 18 da sama. Idan ƙasa ta gagari mono, ka sa faifan DD, mai naɗi biyu da suka haɗu a tsakiya, wanda ke duban siririn layi maimakon faɗin ƙasa, hayaniya ta ragu. Wahalarsu ita ce sai an koya. Maɓallai sun yi yawa, batir a baya yake da waya, kuma mutum zai iya yin wata guda yana yawo da tsarin da bai dace da ƙasarsa ba bai sani ba. Na sha karɓar GPX daga hannun mai ƙorafi in tarar an bar ta a Normal an ƙure mata ƙarfi a kan marmara. Juya maɓalli biyu kawai, ta yi tsit.

GPZ 7000 fasaharta ta ɗan bambanta da PI zalla, kamfanin yana kiranta ZVT. Kamfanin ya ce tana iya zarce GPX 5000 zurfi har da kashi 40 cikin ɗari. Kalmar "har da" ita ce abin lura, domin wannan a kan wasu nau'o'in zinare ne a wasu tsare-tsare, ba kowace ƙwaya a kowace ƙasa ba. Gaskiyar da zan tsaya a kai ita ce, a kan manyan ƙwayoyi masu zurfi, da zinaren da ke cakuɗe cikin farin dutse kamar soso, ta fi 5000 ji. Tana da tsarin ƙasa uku, Normal da Difficult da Severe, kuma a marmara kusan kullum Difficult za ka zauna, wanda ke cin wani abu daga zurfin da aka yi maka talla da shi. Ana haɗo ta da wani ɗan zobe da ake ajiyewa a ƙasa a kaɗa faifai a kansa lokacin daidaitawa. Da yawa a wurarenmu sun yar da zoben ko ba a ma ba su shi ba, sannan su ce na'ura tana hayaniya. Nauyinta ya haura kilo 3, wanda yini guda a rana yake gaya wa kafaɗa, kuma lokacin da ta fito kuɗinta ya kai wajen dala 10,000, alhali irin taku ba ta kai dala 1,000 ba. Kafin mutum huɗu su zuba wannan kuɗi, ya kamata a ce sun riga sun ga manyan ƙwayoyi sun fito daga wurin da idonsu.

Akwai biyu da ba a ambata maka ba kuma sun cancanci ka sani. SDC 2300 ƙaramar PI ce mai naɗewa, faifanta inci 8, ba ta tsoron ruwa, kuma jiranta bayan katse wuta gajere ne ƙwarai, saboda haka tana kama ƙananan ƙwayoyi a ƙasar da VLF ta kasa. Ba ta zurfi, amma a marmara mai ƙananan zinare kusa da sama, ita ce ta fi kusa da magance ainihin matsalarku. GPX 6000 kuwa kilo 2 da 'yan kai ce, tana daidaita kanta da kanta, tana jin ƙanana fiye da 5000. Kaifin kunnen nata yana sa ta ɗan fi jin tsakuwa masu kuka da hayaniyar lantarki, kuma ba ta ba ka hanyoyin gyara da yawa kamar 5000 idan ƙasa ta yi tsanani.

Kada kuma a ɗauka PI ba ta da nata aibi. Ba ta iya rarrabe ƙarfe da zinare yadda VLF ke yi. A tsohon wurin haƙa, inda aka zubar da ƙusoshi, gutsattsarin diga, gwangwanin madara da kwanson harsashi, za ka yini kana tonon shara, wani lokaci rami har gwiwa a kan guntun waya. Haka inda magabata suka narkar da tama suka bar kashin maƙera a warwatse, wannan kowace na'ura sai ta yi kuka a kansa. Tana kuma jin wayar wutar lantarki, janareta, da walƙiyar hadarin da ke nesa. Idan biyu suna aiki kusa da juna sai sun raba tasha. Sannan zinaren da ya yi ƙanƙanta sosai, wutar jikinsa tana mutuwa kafin na'ura ta fara saurare, ta wuce shi kamar babu. A irin wannan wuri Gold Monster da kuke ƙorafi da ita ta fi GPX 5000.

Wata matsalar kuma daban take da ƙarfe, ita ce gishiri da kanwa. Ƙasa mai gishiri idan ta jiƙe tana ɗaukar wutar lantarki da kanta, sai ta zama kamar wani faffaɗan ƙarfe marar ƙarfi a ƙarƙashin faifai. Alamarta ita ce na'ura tana jan wani dogon nishi idan ka kaɗa faifai gefe zuwa gefe, ko ka ɗaga shi sama, musamman da damina ko a fadama mai yumɓu. Maganaɗisu ba zai nuna maka wannan ba. A nan babban faifai yana ƙara ɓata lamari, kuma GPZ 7000 an san ta da jin irin wannan ƙasa. GPX 5000 tana da tsarin da aka rubuta wa Salt/Gold, 6000 kuma tana da faifan DD mai inci 14 da ke kashe amon gishiri. Idan kukan na'urarku yana ƙaruwa bayan ruwan sama ya ragu da rani, to akwai hannun wannan a ciki.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a tambayarka, wanda ba ka ambata ba: wane irin zinare ake samu a wurin? Labarin na'ura ya shigo mana ne daga hamada. A Jado, arewa maso gabashin Nijar, an gano zinare a 2014, dubban mutane suka kwarara ta Agadas, haka a Cibarakaten kusa da iyakar Aljeriya, da Kuri Bugudi a arewacin Chadi. Na'ura ta yi abin mamaki a waɗannan wurare saboda dalili bayyananne. Iska da zamani sun kwashe ƙasar sama sun bar ƙwayoyin zinare a fili ko ƙarƙashin 'yar ƙasa kaɗan, babu ciyawa, babu shara, babu wanda ya taɓa bin wurin da na'ura. Waɗanda suka dawo da labari gaskiya suka faɗa, amma labarin ƙasar can ne.

A yankunanmu na Maru, Anka, Birnin Gwari, Zuru da Yawuri, zinare mai yawa yana cikin jijiyar farin dutse ne, ko a yashin rafi, kuma galibinsa gari ne da sai an daka dutse an wanke ake ganinsa. Na'ura ba ta tara gari ta ji shi a dunƙule. Kowace ƙwaya ita kaɗai take amsawa, saboda haka dutsen da ke ɗauke da giram da yawa na garin zinare zai iya wucewa ƙarƙashin GPZ 7000 shiru. Wannan ne dalilin da ya sa aikin Zamfara ya zama na daka da niƙa. Kuma tunda maganar ta zo, ba zan wuce ta ba: a 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda dutsen da ake dakawa a cikin gidaje yana haɗe da dutsen tozali mai dalma. Idan bincikenku ya nuna zinarenku na daka ne, don Allah kada dutsen nan ya shiga gida, kada a niƙa shi a injin hatsi, kuma a canza tufafi a wanke jiki kafin a ɗauki yaro.

Hanyar sanin irin zinarenku ita ce kwano da ruwa, da kuma tambayar waɗanda suka riga ku a wurin. Ku wanke ƙasa daga wurare daban-daban, daga gangare da gindin tudu da bakin rafi. Idan abin da ke fitowa ƙura ce mai ƙyalli kawai, ku bar maganar sabuwar na'ura, kuɗin ya fi amfani a kayan wanki. Idan ana samun ƙwayoyi kamar gero ko dawa, SDC 2300 ko GPX 6000 ko ma taku idan an gyara mata zama. Idan an taɓa fitar da masu girman gyaɗa ko fiye, kuma ƙasar sama tana da kauri, a nan ne GPX 5000 da babban faifai ko GPZ 7000 za su biya kuɗinsu.

Zancen zurfi kuma a yi hattara. Idan abu ƙarami ne kuma ya yi nisa da faifai, ninka zurfinsa sau biyu yana rage amonsa kusan sau 64, domin igiyar tana raunana a tafiya, ta sake raunana a dawowa. Babu kamfanin da ya tsallake wannan doka. Ƙwayar da ba ta kai giram ba, zancen 'yan santimita ne zuwa kamar taƙi ɗaya. Mai giram da yawa, taƙi ɗaya zuwa biyu a hannun gwani. Sai dunƙule babba ƙwarai ake ji a kusan mita. Shahararren dunƙulen nan mai kilo 27 da aka tono da na'urar Garrett a Biktoriya a 1980, zurfinsa bai wuce kamar santimita 30 ba. Duk wanda ya ce maka na'urarsa tana ganin zinare a mita 10 ko 20, ko ya nuna maka wata mai eriya da ke juyawa tana nuna zinare daga kilomita guda, ka riƙe kuɗinka ka yi masa sallama. Idan marmarar wurinku ta kai kaurin mita biyu ko uku a kan inda zinaren yake, babu na'urar hannu da za ta huda ta. Abin da ake yi shi ne a bi ƙasar da aka fito da ita daga rami a baje, da bangon ramin, da gindinsa.

Kafin ku sayi komai, ku ba Gold Monster haƙƙinta na kwana biyu. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ƙure ƙarfin ji, a zaton ƙarin ƙarfi ƙarin zurfi ne. A ƙasa mai ƙarfe abin kamar kunna babbar fitilar mota ne cikin ƙurar hunturu, hasken yana dawo maka a ido, hanya ta ƙara ɓacewa. Ku sauke ta daga tsarin da take zaɓar wa kanta, ku dawo lamba ta hannu, ku dinga ragewa ɗaya-ɗaya har ta natsu. Ku cire faifai mai tsawo ku sa ƙaramin mai inci 5, domin ƙaramin faifai ƙasa kaɗan yake gani a lokaci guda. Ku ɗaga shi ku sauke a hankali sau da yawa a wuri mai tsabta har ta daidaita, ku maimaita duk inda launin ƙasa ya sauya. A kaɗa a hankali, faifai a kwance daf da ƙasa, kada a ɗaga shi a ƙarshen kaɗawa, kada a buga shi da dutse, a ɗaure wayar da kyau a jikin sanda. Ku share tsakuwar sama da manjagara a ɗan fili kafin ku bi shi, za ku yi mamakin yawan kukan da zai tafi tare da tsakuwar. Sannan ku koyi bambancin amo. Na ƙasa faffaɗa ne, ba shi da tsakiya, yakan canza ko ya ɓace idan ka juyo ta wani gefen, kuma idan ka kankare ƙasar sama yana raguwa. Na ƙarfe ko zinare gajere ne, yana nan a wuri ɗaya ta kowane gefe, kuma yana ƙara ƙarfi yayin da kake tonowa.

Idan kun yanke shawarar saye, kada ku yarda da gwajin shago, inda ake wuce zobe a gaban faifai a iska. A iska VLF mai arha za ta iya yin kunnen doki da PI mai tsada, tunda babu ƙasar da za ta dame ta. Gwajin gaskiya a filinku ake yinsa. Ku nemi bangon rami ko na kwazazzabo a ainihin ƙasar da kuke aiki. Ku huda ramuka a kwance cikin bangon, ɗaya a santimita 10 daga sama, ɗaya a 20, ɗaya a 30, ɗaya a 40, kowanne ya shiga ciki kamar tsawon hannu, kuma a ba su tazara. Ku ɗaure ƙwayar zinare ta gaske a leda a bakin kara, irin girman da ake samu a wurin, ku tura ta ciki, a bi ta sama da na'ura. Amfanin wannan shi ne ƙasar da ke saman zinaren ba a taɓa ta ba, tana nan yadda Allah ya ajiye ta. Idan aka tona rami aka binne aka mayar da ƙasa, an riga an wargaza tsarinta, sakamakon ba zai zama daidai ba. Wanda ke riƙe da na'ura kada ya san ramin da aka sa zinaren, wani lokaci ma a tura kara ba komai, domin kunne yana jin abin da zuciya ke so. Ku gwada taku da wadda ake son sayar muku a rana ɗaya, a wuri ɗaya. Idan za ku iya hayar GPX na mako guda daga wasu masu aiki, ko ku ɗauki mai ita a kan kaso, ya fi muku sauƙi nesa ba kusa ba.

A kula da jabu ƙwarai. Tun lokacin guguwar Sudan aka cika kasuwannin Afirka da GPX na ƙarya, kwali da fenti da tambari duk iri ɗaya, amma cikinsu kayan na'ura mai arha ne da ba ta iya daidaita ƙasa. A iska za ta yi kuka a kan zobe, mai saye ya gamsu, sai an je daji gaskiya ta fito. Farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na dila alama ce. Ku karɓi lambar jikin na'urar ku tabbatar da ita ta hannun dilan da kamfanin ya amince da shi, kuma gwajin bangon ramin nan yana tona asirinta cikin minti goma. Ku kuma tabbatar da takardunku, domin a dokar ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ma'adinan ƙasa na hannun gwamnatin tarayya ne, kuma ƙananan masu haƙa za su iya samun izini ta hanyar ƙungiya mai rajista. Na'urar miliyoyin naira da aka ƙwace a shingen bincike asara ce da ba a mayarwa.

Idan ka matsa mini in zaɓa muku tsakanin biyun da aka faɗa, ban ga filin ba, ga abin da zan ce. Ga mutum huɗu masu haɗa kuɗi, a marmara mai tsakuwa da baƙin yashi, GPX 5000 ta asali, ko 4500 mai lafiya, da faifan mono inci 11 da DD guda ɗaya, ta fi muku GPZ 7000. Kuɗinta ya fi sauƙi, faifanta da batirinta sun fi samuwa, masu gyaranta da waɗanda suka iya ta sun fi yawa, kuma tana da hanyoyin lallashin ƙasa mai wuya. Kada ku sayar da Gold Monster ɗin. Ku bar ta da ƙaramin faifai don bin ƙasar da aka baje daga rami, da duba farin dutse ɗaya-ɗaya kafin a kai shi daka, da gano ainihin inda ƙwaya take a cikin tulin ƙasa bayan GPX ta ji ta. Mutum ɗaya a cikinku ya zama shi ne mai riƙe PI ɗin kullum har kunnensa ya saba da ita, sauran su yi tono da wanki. Idan kun yi gwajin maganaɗisu da na kwano, ka aiko mini da abin da kuka gani, da girman ƙwaya mafi girma da aka taɓa samu a wurin, sai in faɗa maka tsarin da za ku fara da shi da faifan da ya dace.